Tsayuwa da Gini a Harshen Ingilishi: Asalin Kalmomi da Tafiyar Ma'anoninsu

Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani rukuni na kalmomin Ingilishi waɗanda asalinsu yake komawa ga abubuwa biyu da ɗan Adam ya sani tun kafin ya san rubutu, wato tsayuwa a kan ƙafafu da kuma tayar da gini. Manufarta ita ce ta nuna yadda waɗannan kalmomi suka tashi daga jikin mutum da kayan aikin magini, suka yi ta sauya kama a bakunan al'ummomi daban-daban, har suka zama su ne ake magana da su a kan mulki da doka da ilimi da halin kirki. Fagen da ke bin diddigin irin wannan tafiya shi ne ilimin asalin kalmomi, wanda yake dogara da tsofaffin rubuce-rubuce da kuma ƙa'idojin sauyin sauti, ma'ana yadda wani baƙi ko wasali yake rikiɗewa ta hanya guda a cikin kalmomi masu yawa idan harshe ya daɗe a bakin mutane.

Dangin harsuna da ƙofofin shiga Ingilishi

A shekarar 1786 wani alƙali Bature mai suna William Jones ya gabatar da jawabi a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, inda ya bayyana cewa kamannin da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da harshen Latin sun wuce a ce haɗuwar sa'a ce, don haka dole su kasance sun fito daga tushe ɗaya. Masanan da suka biyo bayansa, irin su Franz Bopp da Jacob Grimm na ƙasar Jamus, sun ɗora wannan hasashe a kan hujjoji, har aka tabbatar da dangin harsunan da ake kira na Indiya da Turai, wanda Ingilishi da Jamusanci da Faransanci da Farisanci da Hindi duk suke cikinsa. Kakan waɗannan harsuna bai bar rubutu ko ɗaya ba, sai dai masana suna sake gano saiwoyinsa ta hanyar kwatanta jikokinsa, kuma abin da ake nufi da saiwa shi ne ƙwayar kalma da ke ɗauke da ainihin ma'ana bayan an cire duk wani ɗafi da aka liƙa mata a goshi ko a ƙeya.

Abin da ya sa Ingilishi ya dace da irin wannan nazari shi ne saiwa guda takan shiga cikinsa ta ƙofofi da yawa. Ƙofa ta farko ita ce ta gado, wato kalmomin da ƙabilun Angul da Sakson suka ƙetara da su zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Ta biyu ita ce ta mutanen arewacin Turai da aka sani da Bikin, waɗanda suka fara kai hare-hare a ƙarshen ƙarni na 8 sannan suka zauna a arewaci da gabashin Ingila. Ta uku ita ce ta Faransanci, wadda ta buɗe bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, sai kuma ta huɗu, wato Latin da Girkanci, waɗanda malaman coci da na jami'o'i suka yi ta ɗebo kalmomi daga littattafansu. Saboda haka akan sami 'yan uwa uku ko huɗu zaune a harshe ɗaya, kowanne da suturarsa da irin wurin da ake gayyatarsa.

Saiwar tsayuwa

Saiwar da ta fi kowace yawan 'ya'ya a wannan fage ita ce wadda ake rubutawa a taƙaice “sta”, mai ma'anar tsayawa. Ta hanyar gado ta bai wa Ingilishi aikatau “stand”, da suna “stead”, wato wuri ko gurbi, wanda ya rage a cikin “instead”, a madadin, da “steady”, abin da ba ya rawa. Ita ce kuma ta haifi “stool”, kujera maras majingina, wadda a tsohon Ingilishi takan ɗauki har ma'anar karagar sarki, kafin “chair” da “throne” su shigo ta hanyar Faransanci su ture ta zuwa kusurwar ɗaki. Wannan ƙaramin misali yana nuna tsarin da zai yi ta maimaituwa, wato kalmar gado tana zama a gida da gona, kalmar aro kuwa tana haye kujerar iko. Duk da haka akwai kalmar gado guda da ta riƙe babban aiki, ita ce “understand”, fahimta, wadda aka gina ta da aikatau na tsayuwa tun zamanin tsohon Ingilishi, kamar yadda Jamusanci ma ya gina tasa kalmar fahimta, “verstehen”, a kan “stehen”, tsayawa.

A harshen Latin saiwar ta fito a siffar “stare”, kuma daga gare ta aka sami “status”, wato yanayin tsayuwar mutum ko abu. Wannan kalma guda ta shiga Ingilishi sau uku. Siffar “status” an ɗauko ta kai tsaye daga littafi, tana nufin matsayi. Siffar “estate” ta biyo ta tsohon Faransanci, tana nufin dukiya da filaye, sannan “state” ta fara da ma'anar hali ko yanayi kafin a ƙarni na 16 ta zama sunan hukumar da ke riƙe da ƙasa, zamanin da marubuta irin su Machiavelli na Italiya suke amfani da takwararta “stato” a kan sha'anin mulki. Bambancin da ke tsakanin “state” da “estate” ya samo asali ne daga wata al'ada ta furuci, domin kakannin Faransawa ba sa jin daɗin fara kalma da baƙaƙe biyu na “st”, sai suka riƙa sanya wasalin “e” a gaba, daga baya kuma suka jefar da “s” ɗin gaba ɗaya, shi ya sa a Faransancin yau ake cewa “état”. Hausa ma ta ci karo da wannan cunkoson baƙaƙe a lokacin da ta yi aro daga Ingilishi, kuma ta warware shi ta hanyoyi biyu: a “store”, wadda ita ma 'yar wannan saiwa ce, ta cusa wasali a tsakiya ta ce sito, a “station” kuwa ta jefar da baƙin farko ta ce tasha.

Sauran 'ya'yan “stare” suna nuna yadda tunani yake hawa daga abin da ido ke gani zuwa abin da hankali kaɗai ke riska. “Stature” tsayin mutum ne, “statue” gunki ne da aka tsayar a dandali, “statute” kuwa doka ce da aka tsayar a rubuce, kuma duka ukun ba su rabu da juna ba sai da ɗafin ƙeya. “Stable” tana nufin abin da ya kafu, tana kuma nufin barga, wato inda dawakai suke tsayawa. Daga aikatau “statuere”, tsayar da abu, aka sami “institute” da “constitution”, wadda asalinta shi ne tsayar da sassa wuri guda, shi ya sa har yau take nufin tsarin mulkin ƙasa, take kuma nufin ƙirar jikin mutum da ƙarfinsa. Idan aka dubi ɗafa-goshi, wato ƙaramin ɗafin da ake sanyawa a farkon kalma, sai a ga kowace kalma hoto ce na inda wani ya tsaya. “Obstacle” shi ne abin da ya tsaya a gaban mutum ya tare masa hanya, “circumstance” abin da ya tsaya kewaye da shi, “substance” abin da ya tsaya a ƙarƙashi yana ɗauke da sauran, “distance” kuma tsayuwa nesa da juna. Haka nan “assist” tsayawa ce kusa da wani, “resist” tsayawa ce ta turjiya, sannan “exist”, wadda masana falsafa suke jujjuyawa, asalinta fitowa ne a tsaya a fili.

Girkanci ya ba da nasa kason ta hanyar “system”, abubuwan da aka tsayar tare, da “ecstasy”, tsayuwa a wajen kai, wato halin da farin ciki ko shauƙi yake fitar da mutum daga hayyacinsa. A gabas kuwa saiwar ta zama ɗafin “stan” na Farisanci, mai ma'anar wuri ko ƙasa, wanda yake ƙarshen sunayen Afganistan da Uzbekistan da Pakistan.

Wannan hanyar tunani ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, domin daga tsaya aka sami tsayi da matsayi da tsayayyen mutum, ana kuma tsayar da shawara kamar yadda ake tsayar da ginshiƙi. Kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci sun ƙara fito da abin fili, saboda muƙami da iƙama da alƙiyama da ƙima duk sun fito daga saiwar Larabci guda mai ma'anar tsayuwa. Ƙima kuwa tana da takwara a Ingilishi, wato “cost”, wadda ta fito daga Latin “constare”, abin da kaya suka tsaya a kansa na kuɗi. Sai dai wajibi ne a rarrabe tsakanin kamannin tunani da dangantakar jini. Hausa tana cikin rukunin harsunan Cadi na dangin Afirka da Asiya, don haka kusancin da kunne yake ji tsakanin tsaya da “stay” haɗuwa ce kawai, ba ta da wata hujja a tarihi.

Saiwar miƙewa

Saiwa ta biyu ita ce “reg”, mai ma'anar miƙar da abu ko tafiya a kan miƙaƙƙen layi. Ta hanyar gado ta haifi “right”, wadda ma'anarta ta farko ita ce miƙaƙƙe, daga nan ta zama daidai, ta zama haƙƙi, ta kuma zama hannun dama. Kishiyarta “wrong” ta shigo daga harshen mutanen arewacin Turai, inda take nufin karkatacce ko murɗaɗɗe, ke nan laifi a wannan harshe karkata ce, gaskiya kuwa miƙewa. “Upright” ta haɗa ma'anonin biyu a wuri guda, domin ana faɗinta ga sandar da aka kafa a tsaye, ana kuma faɗinta ga mutumin da ba ya cin amana.

A Latin saiwar ta zama “regere”, shiryarwa da jan ragama, kuma idan aka ɗora mata ɗafin da ke nufin fitarwa ko ɗagawa sai ta zama “erigere”, wadda ta bai wa Ingilishi “erect”. Wannan kalma ita ce mahaɗar batutuwan laccar guda biyu, saboda a matsayin sifa tana nufin tsaye cak, a matsayin aikatau kuma tana nufin tayar da gini. Ita ce likitan nan ɗan ƙasar Holan, Eugène Dubois, ya zaɓa ya raɗa wa ƙasusuwan da ya haƙo a tsibirin Java a farkon shekarun 1890, domin ƙashin cinyar ya nuna masa mai shi yana tafiya a miƙe, kuma sunan ya wanzu a cikin “Homo erectus”. Daga saiwar “reg” ne kuma aka sami “correct”, miƙar da abin da ya karkace, da “direct”, da “rex”, sarki, wanda ya haifi “royal” da “regal”, yake kuma ɗan uwan “raja” na Indiya. Sarki a wannan tunani shi ne mai miƙar da al'amura. Akwai kuma “regula”, miƙaƙƙiyar sandar awo, wadda ta rabu gida uku a Ingilishi: “rule”, doka da mulki, “regular”, abin da ke bin ƙa'ida, da “rail”, dogon ƙarfe ko katako. Ke nan rula da ɗalibi yake ja wa layi da ita, da reluwe, da darakta, da adireshi, duk jikokin saiwa ɗaya ne da suka sauka a Hausa.

Kalmomin gini

Aikatau “build” ya fito daga tsohon Ingilishi “byldan”, wanda aka ƙera daga “bold”, gida ko mazauni, kuma saiwarsa ita ce ta kasancewa da zama, wadda ta haifi “be”. A cikin danginsa akwai “booth”, rumfa, da “neighbour”, wanda asalinsa shi ne mazaunin kusa, da “husband”, wanda a harshen arewacin Turai yake nufin maigida. Sai dai a zamanin Angul da Sakson aikatau da aka fi amfani da shi wajen gini shi ne “timbran”, daga “timber”, kalmar da a lokacin take nufin gini da kayan gini, kuma ta taƙaita ga katako ne saboda da itace mutanen suke yin gidajensu. Takwararta a Jamusanci, “Zimmer”, ta bi ɗaya hanyar ta zama ɗaki. A nan ne ƙa'idar da Grimm ya bayyana a 1822 take aiki, wadda ta nuna cewa “d” na asali yakan koma “t” a harsunan dangin Jamusanci, kamar yadda “decem” na Latin yake daidai da “ten”. Bisa wannan ƙa'ida “timber” ɗan uwan “domus” ne, gida a Latin, wanda ya haifi “domestic” da “dome”, ya kuma haifi “dominus”, ubangida, tushen “dominate” da “domain”.

Tarihin kayan gini a rubuce yake a cikin kalmomin aro. Tun kafin su bar nahiyar Turai, kakannin Ingilishi sun ga aikin sojojin Rumawa, suka ari “wall” daga “vallum”, wato ganuwar ƙasa da aka kafa wa turaku a kai, da “street” daga “strata”, shimfiɗaɗɗiyar hanya. Tazarar da ke tsakanin ganuwa da tantunan soja ita ce “intervallum”, wadda ta zama “interval”, taƙin lokaci. Bayan 1066 Normawa sun cika ƙasar da gine-ginen dutse, irin su Farar Hasumiya ta Landan da babban cocin Durham wanda aka aza harsashinsa a 1093, kuma tare da duwatsun ne kalmomin “mason” da “pillar” da “vault” da “arch” suka shigo daga Faransanci. Hatta “carpenter”, wadda Hausa ta mayar kafinta, ta shigo ne ta wannan ƙofa, asalinta kuma maƙerin keken doki ne, ta kuwa rage wa tsohuwar kalmar gado “wright” fage, har ta fi fitowa yanzu a sunayen iyali da kuma cikin “playwright”, marubucin wasan kwaikwayo.

Latin yana da aikatau “struere”, jera abu bisa abu kamar yadda magini yake jera tubali, kuma daga shi aka sami “structure” da “construct” da kishiyarsu “destroy”, warware jeri. “Obstruct” gini ne a kan hanyar wani, “instruct” kuwa gini ne a cikin mutum, wato koyarwa. Irin wannan sauyi ya faru ga “aedificare”, wadda aka haɗa daga “aedes”, ɗaki ko wurin bauta, asalinsa murhu, da “facere”, yi. Ita ta ba da “edifice”, katafaren gini, da “edify”, wadda a da take nufin gina ɗaki amma a yau ba ta nufin komai sai kyautata tunani da tarbiyya, sauyin da fassarar littattafan addinin Kirista ta ƙarfafa. Hausa ma tana cewa abinci mai gina jiki, tana kuma maganar gina al'umma.

Daga Girkanci aka sami “architect”, haɗin “arkhi”, babba ko shugaba, da “tekton”, kafinta ko magini, ma'anar da ta yi daidai da sarautar sarkin magina, da kuma laƙabin Babban Gwani wanda aka san maginin masallacin Juma'a na Zariya da shi a ƙarni na 19. Masana suna danganta “tekton” da saiwar da ta haifi “texere” na Latin, saƙa, tushen “textile” da “text”, abin da yake tunatar da cewa an daɗe ana saƙa bango da tsumagu kafin a yaɓe shi da laka, kamar yadda ake saƙa zana.

Kayan awo da suka zama ma'aunin hali

Babu inda tafiyar ma'ana ta fi fitowa sarai kamar a cikin jakar kayan aikin magini. “Norma” a Latin shi ne ma'aunin kusurwa wanda kafinta yake ɗorawa a kan katako domin ya ga ko gefe biyu sun haɗu daidai, kuma “normal” ta daɗe a Ingilishi da wannan ma'ana ta lissafi, sai a ƙarni na 19 ta bazu da ma'anar abin da aka saba. “Enormous” kuwa abin da ya fita daga ma'auni ne. “Plumbum” dalma ce, kuma magini yakan ɗaura curin dalma a bakin zare, ya riƙe ɗaya bakin a saman bango, ya jira har curin ya daina lilo, sannan ya dubi ko bangon ya bi zaren ko ya kauce masa. Daga wannan ɗan aiki aka sami “plumb”, tsaye daidai, da “plumber”, mai aikin bututun dalma, da “aplomb”, natsuwar mutumin da ba ya rikicewa a gaban jama'a. “Level”, wadda Hausa ta mayar lebur, ta fito daga “libella”, ƙaramin sikeli, yayin da “fundus”, ƙasan abu, ya ba da “foundation”, harsashi, da “fund”, asusu, da “profound”, mai zurfi.

Kammalawa

Abin da waɗannan misalai suka tabbatar shi ne cewa kalmomin da Ingilishi yake bayyana doka da hukuma da gaskiya da koyarwa da su an ɗebo su ne daga tsayuwar jiki da aikin gini, kuma ƙofar da kowace ta shigo ta ita ce ta yanke mata matsayi, ta yadda “stool” ta tsaya a ɗakin girki, “state” kuwa ta shiga majalisa. Amma asalin kalma ba shi ne hukunci a kan ma'anarta ta yau ba, domin masu magana ne suke da iko da harshe, kuma ba wanda yake tuna dalma idan ya yaba wa mutum da “aplomb”. Amfanin sanin asali ga malami da mai fassara shi ne ya gane dangi idan ya gan su, ya kuma san cewa kowane harshe yana da damar zaɓen hotonsa, kamar yadda Hausa ta dubi “constitution” ta zaɓi tsari a maimakon tsayuwa ta ce tsarin mulki.

Kalmar tasha ta isa shaida a kan wannan iko na masu harshe. Ta fara ne a matsayin “statio”, inda sojan Rum yake tsayuwar gadi ko jirgin ruwa yake ya da zango, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi, sannan ta iso ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka, zamanin da layin dogo ya kai Kano a 1911. Hausawa suka gyara mata furuci, suka ba ta jam'i suka ce tashoshi, suka faɗaɗa ta har ta ɗauki tashar mota da tashar jirgin ruwa da tashar rediyo. A sabon gidan nata ta sami kanta maƙwabciyar aikatau tashi, wanda ba ta haɗa komai da shi ba a tarihi, ta yadda kalmar da shekaru dubu biyu da suka wuce take nufin wurin tsayawa, a kunnen matafiyin da ya ɗaure kayansa tun asuba ta fi kama da wurin da mota take tashi.